Kotun Soja a Zauren Gidanmu

Litinin, 4 ga Nuwamba

Ƙanina Auta ya gama cike fom ɗin shiga soja a shagon kwamfuta na bakin titi. Sharuɗɗan da aka jera: shekara 18 zuwa 22, tsayi mita 1.68, lambar NIN, cin darussa huɗu a WAEC ko NECO, dole da Turanci a ciki. Turancin yana da shi a takarda. A baki ne dai babu. Shi da abokansa uku, ɗan tela da ɗan gidan Liman da ɗan direba, jirgi ɗaya ya kwaso su: ba su rubutu, su bi da yatsa su karanta tsaf, yi musu tambaya, sai sunkuyar da kai.

Sun roƙi in riƙa zama da su a zaure bayan isha'i kafin sunaye su fito. Na amsa. Inna ba ta ce uffan ba. Tuwonta dai a rufe ya kwana.

Talata, 5 ga Nuwamba

Kalmomi ashirin a jikin allo. Sun kwafa da kyau. Kafin mu kai rabi, biyu na gyangyaɗi. Wuni suka yi a gona wajen kaɗe riɗi, ban ga laifinsu ba.

Da na kwanta sai wani fim ya faɗo mini a rai, wanda aka nuna mana a ɗakin taro muna kwaleji. Shari'ar wasu ƙananan sojoji biyu. Har yau ina iya tuno fuskar kanar ɗin.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Wajen mai tura finafinai. Kwamfutarsa cike da fassarar Algaita da su Labarina. Na rubuta masa sunan a takarda: A Few Good Men. Ya ce, "Malam, mai fassara?" Na ce a'a, da Turancinsa nake so, da rubutun maganar a ƙasa. Zai tambayi wani ɗan'uwansa a Dutse.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Fim bai zo ba. Sunaye ba labari. Tsohuwar jarida muka karanta, kanun labarai kawai.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ya iso. Ni kaɗai na kalla da abin kunne, gida duk an yi barci.

A 1992 ya fito. Rob Reiner ya ba da umarni, Aaron Sorkin ya rubuta. Asalinsa wasan dandamali ne da aka nuna a New York a 1989. 'Yar'uwar Sorkin lauyar sojan ruwa ce a lokacin, ita ta ba shi labarin wata shari'a da aka tura ta yi a Gwantanamo, daga nan ya kamo bakin zaren.

Labarin a taƙaice, don in ba su gobe. Sansanin sojan Amurka a Gwantanamo, ƙasar Kuba. Farabiti Santiago ya kasa jure horo, yana ta aika wasiƙu a ɗauke shi daga wurin. Wani dare sojoji biyu, Las Kofur Dawson da Farabiti Downey, suka shiga ɗakinsa, suka ɗaure shi, suka cusa masa tsumma a baki. Ya mutu. Su sun ce oda aka ba su, irin ladabtarwar bayan fage da suke kira code red, wadda babu ita a kowane littafin doka. Manya sun ce sam ba su san zancen ba.

Wurin da nake so: inda matashin lauya, Laftanar Kaffee, ya sa aka kira Kanar Jessup ya ba da shaida. Tom Cruise da Jack Nicholson. Maganar da sauri, amma kalmomin na maimaituwa, kuma kowace da fuskar mai faɗarta.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Labarin da Hausa tukuna, daga farko har ƙofar kotu. Da na ambaci Gwantanamo ɗan tela ya ce ai kurkuku ne, ya sha ji a BBC. Haka ne, amma kurkukun sai a Janairun 2002 aka buɗe shi. Sansanin kansa tun 1903 yake hannun Amurka.

Waya a jingine jikin buta, 'yar lasifika a gefe, su huɗu kai da kai. Na bar shi ya tafi ba tsayawa. Babu mai gyangyaɗi yau. Da kanar ya daka tsawa sai da ɗan gidan Liman ya ja da baya.

Na tambayi abin da kunnensu ya kama. Kalma uku ko huɗu: sir, order, truth. Amma duk sun gane wanda aka ƙure.

Auta: "Yaya, tsakanin alƙalin da shi wa ya fi girma?" Dukansu kanar ne. Kujera ce ta bambanta su ranar.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Gunduwa-gunduwa yau. Minti ɗaya, tsayawa, komawa baya. Da farko da rubutun ƙasa, sannan in rufe shi da ɗan kwali su bi da kunne zalla. Kalma biyar, ba ƙari: witness, swear, testimony, objection, transfer. Kowace sai sun nuna mini wanda ya faɗe ta, ga wa, cikin fushi ko cikin lalama. Daga nan kowa ya gina jimlarsa da wani abu na garin nan. Ɗan tela ya yi tasa a kan malaminsu na lissafi da aka mayar Jahun. Daidai, ba gyara.

Muƙamai ba su ba mu wuya ba. Kanar, manjo, kyaftin, saje, kofur, farabiti, duk suna bakinmu tun zamanin kakannin da aka kai yaƙin Bama. Rubutun ne ya ɗaure musu kai, musamman na kanar. Sai da na buɗe ƙamus suka yarda.

Talata, 12 ga Nuwamba

Babu wuta tun jiya. Layi a wajen mai caji, tawa ba ta samu gurbi ba. Fitilar hannu a saman taga, muka yi da ka. Na ce kowa ya faɗi abin da ya rage masa a kunne daga jiya. Ya fi yadda na zata.

Maiɗakina ta ce da rana ta ji Auta da ɗan maƙwabta suna musu a kan kuɗin ruwa, sai ta ji ya ce objection. Ta tambaye shi mene ne, ya yi mata bayani da Hausa tiryan-tiryan. Na ji daɗi har cikin raina.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Kawu Saje ya zo gaida Inna, ya ji hayaniya a zaure, ya tsaya. Ya daɗe a cikin kaki. Yana cikin waɗanda aka kai Laberiya ƙarƙashin ECOMOG bayan 1990, daga baya Saliyo. Ba ya son zancen. Aka ba shi kujera, yaran suka matsa.

Ya kalla har ƙarshe, hannu a haɓa. Ya ce a mayar. Da aka gama na biyu: "Wannan kanar na san irinsa. Ba shi ne abin kallo ba. Ku dubi yaran nan biyu da ke zaune, ko motsi ba sa yi. Su ne ku."

Ɗan tela ya ce, "Kawu, to in aka ba ka odar da ka san ba daidai ba ce fa?"

"A Depot na Zariya abin da za a fara zuba maka a kunne shi ne obey before complain. Bin na gaba bin Allah." Ya ɗan yi jim. "Amma ranar da abu ya ɓaci, na gaban ko ƙeyarsa ba za ka gani ba."

Ba wanda ya ƙara magana. Na tashe su da wuri.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Jita-jita bayan masallaci: sunaye sun fito. Ƙarya. Wani ne a Facebook da hoton kaki yake neman a tura kuɗi ya sa sunan mutum a jeri. Ɗan direba saura ƙiris ya sayar da akuyarsa. Na sa shi ya buɗe sanarwar rundunar da kansa ya karanta layin da ya ce neman shiga kyauta ne. Da kansa, a fili, kowa na ji. Akuya ta tsira.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Ashe akwai ɗaliba ta biyar. Ƙanwar maiɗakina, 'yar ajin ƙarshe na sakandare, tana zama bayan ƙofar cikin gida da littafinta tun ranar farko. Da safe ta same ni ina karyawa.

"Yaya Malam, na gane inda lauyan ya kama shi."

Na ce ina ji.

Ta jero: kanar ya rantse ya ba da odar kada kowa ya taɓa Santiago. Ya kuma ce a sansaninsa ba a taɓa tsallake odarsa. Sannan ya ce ya shirya a ɗauke yaron da sassafe domin ransa na cikin hatsari. To in ba mai tsallake odarsa, hatsarin daga ina? Ga kuma mutumin da aka ce zai bar wuri har abada da ƙarfe shida na safe, amma kayansa na rataye, bai haɗa jaka ba, bai kira kowa a waya ba.

Ta ce, "Yadda ake kora kaza akurki da yamma ya yi masa. Ba gudu, ba jifa, a hankali har ta shiga da ƙafarta."

Samarin sun shafe mako suna jiran wurin tsawar. Ita tambayoyin ta bi. Lauya take so ta karanta, yau na fara ji daga bakinta. Na ba ta ƙamus ɗina ta riƙe.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Sun matsa sai sun ga ƙarshe. Na nuna musu wurin yanke hukunci. Sabbin kalmomi: verdict, guilty, charge, discharge.

An kama kanar bayan ya amsa da bakinsa. Yaran biyu an wanke su daga kisan kai da haɗa baki, amma an same su da laifin aikata abin da bai dace da soja ba, an kore su korar wulaƙanci. Downey ya kasa ganewa, yana ta tambayar laifinsu. Dawson ya gane: aikinsu kare mai rauni ne, kuma Santiago shi ne mai raunin.

Zaure ya kaure. Ɗan direba ya ce zalunci ne tsagwaronsa, an sa su sun yi, an kuma hukunta su. Ɗan gidan Liman ya ce rai fa aka rasa, wa ya riƙe tsumman? Rabi Hausa rabi Turanci, ban hana ba. Auta bai sa baki ba. Ya dai rubuta kalmomin huɗu, ya ja layi biyu a ƙarƙashin ta ƙarshe.

Talata, 19 ga Nuwamba

Kawu ya dawo ba a kira shi ba. Ya ce mu bar na Amurka, namu fa? Shi ya fara, na cika da abin da na sani.

Mayun 2014, barikin Maimalari a Maiduguri. An kawo gawarwakin sojojin da Boko Haram ta yi wa kwanton ɓauna. 'Yan'uwansu suka harzuƙa, aka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta, Manjo Janar Ahmed Mohammed. Ya tsira. A Satumba kotun soja a Abuja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, ta sallami 5, ɗaya kwana 28 na aiki mai tsanani.

Disambar shekarar, wasu 54 su ma kisa. Laifinsu: ƙin bin odar fita ƙwato Delwa da Bulabulin da Damboa a watan Agusta. Lauyansu Femi Falana ya ce makamai suka nema kafin su fita. Sai a Disambar 2015 aka sassauta wa 66 zuwa ɗaurin shekara goma.

Kalmar yau ɗaya tak: mutiny. Bore a cikin soja.

Na Gwantanamo sun bi oda, an kore su. Na Abuja sun ƙi, an ce a harbe su. Ɗan tela ya ce, "To Kawu, ina mafita?" Kawu bai amsa wannan ba. Wani labari ya ba su, na wani abokinsa a bariki da aka miƙa wa takardar bayani da Turanci ya sa hannu bai san abin da ke ciki ba, kuma da ita aka kama shi. "Tuhuma da Turanci za a karanta maka. Tambaya da Turanci. Ko an kawo maka tafinta, kunnenka ya fi. Kada wanda ya sa hannu a abin da bai karanta ba." Ya juyo gare ni: "Malam, ka riƙe su da kyau."

Laraba, 20 ga Nuwamba

Barci ya ƙi. Ɗan shekara goma sha tara. Ni na riƙa goya shi zuwa allurar riga-kafi. Ina shirya shi ya tafi, ko ina shirya shi ya kare kansa?

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Inna ta kira ni ɗakinta bayan la'asar, tana tsinke zoɓo a faifai.

"Kai ne babba. Maimakon ka hana shi, kai ke koya masa."

Na ce Inna, ko na hana zai tafi, gara ya tafi da abin da zai tsaya da shi a gaban kowa. Ta ce ɗan'uwanta ya tafi da haƙora talatin da biyu da dariya, ta san yadda ya dawo. Ban da amsa. Na zauna na taya ta tsinka har aka kira magariba.

Ba karatu yau.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Data ta ɗari biyar, na sauke Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 105 ta 1993. Karatu mai nauyi. Abin da na tsamo musu: kotun soja iri biyu ce, babba da ta musamman. Hukuncinta ba ya zama sai hukumar da ke sama ta tabbatar. Wanda bai gamsu ba yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, har Kotun Ƙoli. Wanda ake tuhuma yana da haƙƙin lauya. Laifin ƙin biyayya kuma a kan halastacciyar oda yake, ba kowace oda ba.

Kalmomin dare: lawful, appeal, counsel, sentence. Ta ƙarshen sun san ta a ajin nahawu, yau suka gamu da ita a kotu.

Na ba su labarin Nuremberg a Jamus, 1945 zuwa 1946, inda aka ƙi karɓar "an umarce ni" a matsayin hujjar wanke kai. Ɗan gidan Liman ya ce ai babansa ya sha faɗa a karatu, biyayya ga shugaba tana tsayawa inda saɓon Allah ya fara. Na ce to ga hanya biyu sun haɗu.

Auta, a hankali: "Yaya, a fili wa zai ba ka lokacin tantance halal ɗin oda?" Na ce ban taɓa tsayawa a filin ba, Kawu za mu tambaya.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Shawara: ba haddar fim za mu yi ba, tamu shari'ar za mu ƙirƙira. Su suka kawo labarin. Shingen bincike a hanya, saje ya umarci farabiti ya sa wani ɗan acaɓa tsallen kwaɗo cikin rana, mutumin ya faɗi, aka kai shi asibiti. Saje ya ce bai ba da oda ba.

Rabon aiki: ɗan tela mai gabatar da ƙara, ɗan gidan Liman lauya mai kariya, ɗan direba saje. Auta da kansa ya zaɓi kujerar wanda ake tuhuma. Tambayoyin lauya daga bayan ƙofa suke fitowa, a rubuce cikin yagaggen shafi. Gajeru, a jere, kowace na tura ta gaba. Where were you standing? Who else heard him? Why did you not report it?

Gyaran da ya fi cin lokaci: did da aikatau. Duk su huɗu suna son ninka shuɗewar lokaci sau biyu. Muka yi ta maimaitawa da tafi.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Hazo ya rufe gari, ko bishiyar ƙofar gida da ƙyar. Tari a kowane ɗaki. Biyu ba su zo ba, ana yankan dawa. Sauran biyun jiki ba ƙwari. Kalmomin makon jiya rabi sun zube. Na ji gajiya irin wadda ban ji ba tun da muka fara.

Shafin rundunar: babu sabon abu.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Asuba. Ƙarar takalma a lungu, su huɗu suna gudu, Kawu a kan kekensa a baya yana ƙirga musu da Turanci. Ban san sun shirya ba.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Gwaji. Auta a kan turmin da aka kife, hannaye a gwiwa, baya a miƙe irin zaman Dawson. Ɗan tela ya tsananta masa da tambaya. Ya yi tuntuɓe, ya tsaya, ya ce a maimaita masa tambayar. Da Turanci ya nema, cikakkiyar jimla, har da sir a ƙarshe. Wannan ban koya masa a allo ba.

Na ce musu wannan jimlar ta fi duk kalmomin da muka tara amfani. Wanda ya iya cewa ban gane ba, a maimaita, ba a yi masa shigo-shigo ba zurfi.

Kawu kan tambayar Auta ta ranar Asabar: "Lokaci babu. Abin da ka shiga da shi a zuciya, shi za ka tarar a fili. Mai tsoron Allah a gida shi ne mai tsoron Allah a shinge."

Lahadi, 1 ga Disamba

Kotu ta zauna. Kawu shugaban kotu, da tsohuwar hularsa. Maƙwabta a bakin ƙofa, yara a taga, mata a tsakar gida suna saurare. Inna ma, in ji maiɗakina, ta fito da tabarmarta.

Rantsuwa, tuhuma, shaida. Ɗan direba ya taka saje da gaske, yana hura hanci, yana musun komai. Ɗan gidan Liman ya bi tambayoyin takardar ɗaya bayan ɗaya bai yi gaggawa ba. Ta ƙarshe: in ba ka ba da oda ba, me ya sa ka tsaya kana ƙirga tsallen? Saje ya buɗe baki ya rufe. Tafi daga waje, har waɗanda ba su ji Turancin ba.

Aka ba wanda ake tuhuma dama. Auta ya miƙe. Jimla huɗu ko biyar, ba takarda. Ya ce an ba shi oda, ya ji tsoro, ya bi. Ya san mutumin bai yi masa komai ba. Yana roƙon sassauci amma ba ya cewa hannunsa tsarkakakke ne. Akwai kurakuran nahawu biyu. Na bar su.

Kowa na jiran hukunci. Kawu ya cire hula ya ce an ɗage zama.

Talata, 3 ga Disamba

Sun fito. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, ina aji, wayata na ta rawa a aljihu. Sunan Auta na ciki, da na ɗan tela. Sauran biyun babu. Tantancewa a Dutse mako mai zuwa.

Murna da rashinta a zaure ɗaya. Ban san fuskar da zan sa ba.

Laraba, 4 ga Disamba

Ɗan direba bai zo ba. An ce ya bi babansa Kano da lodin riɗi. Ɗan gidan Liman ya zo, ya zauna a wurinsa, ya buɗe littafi. Ya ce zai rubuta JAMB, Jami'ar Tarayya ta Dutse yake hari. Ya tambaya ko za a ci gaba da zama. Na ce muddin akwai mai zuwa.

Juma'a, 6 ga Disamba

Jahun da safe, sakatariyar ƙaramar hukuma, takardar shaidar ɗan ƙasa. Hotuna, kwafin sakamako, takardar haihuwa, fom ɗin mai tsaya masa. Kowace na sa shi ya karanta kafin biro ya taɓa ta. Ya tsaya a kan guarantor, ya tambaya, na yi bayani, sannan ya miƙa wa Kawu ya sa hannu.

In ya tsallake, wata shida a Zariya. Inna ta sa an soya masa gyaɗa, an daka ƙuli-ƙuli. Har yanzu ba ta ce ta yarda ba.

Lahadi, 8 ga Disamba

Zama na ƙarshe kafin tafiya. Ba fim. Tambayoyin da ake iya yi wa mutum a layi: sunanka, garinku, me ya sa kake son aikin. Na hana su haddace amsa. Ɗan tela ya ce don ya kare ƙasa. Na ce faɗi gaskiyar da ke ƙasan wannan. Ya ce don ɗinki ba ya ciyar da gidansu. Na ce haɗa biyun, duka gaskiya ne.

Inna ta kira Auta ɗaki. Sun daɗe. Ya fito ido ja, da carbinta a hannu.

Litinin, 9 ga Disamba

Motar farko. Farin gajeren wando, farar riga, takalmin gudu, fayil a hammata. Sanyi mai shiga ƙashi. Na raka su tasha na wuce makaranta.

Talata, 10 ga Disamba

Wayarsa a kashe. Ta ɗan tela ma. Kawu ya ce haka ake yi, kada a tayar da hankali. Inna ta aiko sau ba adadi.

Laraba, 11 ga Disamba

Kira bayan magariba, da lambar wani, bai kai minti biyu ba. An auna tsayi, ya wuce. Takardu lafiya. Saura gwajin asibiti da gudu. Jama'a maƙil, daga kowace ƙaramar hukuma. Wani hafsa ya yi masa tambaya da sauri, ya nemi a maimaita, aka maimaita, ya amsa. Ɗan tela an raba su layi, bai gan shi ba tun safe. Kafin in tambayi inda suke kwana layin ya katse.

Na kai wa Inna yadda na ji, ban ƙara ba ban rage ba.

Na tambayi Kawu hukuncin kotunmu. Ya ce sai Auta ya dawo, ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Kuma shi kansa bai gama shawara ba. Ƙanwar maiɗakina ta riga ta rubuta takardar ɗaukaka ƙara, ko da za a buƙata. Sabbin yara biyu daga unguwar gabas sun ce za su zo gobe bayan isha'i. Sai na kai waya caji da wuri, in kuma ari tabarma a maƙwabta.